Baba Ya Ce Ya Daina Mafarki, Inna Ta Ce Kokawa Yake da Kifi Cikin Barci

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Argungu ce, ina aure a Birnin Kebbi, ina koyarwa a wata firamare. Matsalar ta mahaifina ce. Ya kai shekara 70, masunci ne tun tashinsa, sai shekara 5 da suka wuce ciwon gwiwa ya raba shi da ruwa. Da can in ya kwanta ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi. Yanzu da an sallame Lisha sai barci, ƙarfe 3 na dare ya yi idonsa biyu, ya yi ta zagaya tsakar gida. Fitsari kuwa sau 3 ko 4 kafin asuba, da rana kuma sai gyangyaɗi. Abin da ya fi cin ransa shi ne wai ya daina mafarki. Da mutum ne mai yawan mafarki, yanzu yana ganin ko wani laifi ya yi Allah Ya ɗauke masa. Yayana ya ce sammu ne, yana zargin amaryar Baba, gidan ba daɗi. Ni kuma na karɓo masa ƙwayar barci a kemis, sati 3 ke nan yana sha. Yana barcin, amma yana tashi da jiri, ranar nan har ya faɗi a bakin bayi. Inna ma ta ce kusan shekara 2 ke nan wani dare yakan yi ihu yana kai naushi da shuri kamar mai kokawa da kifi, har ya taɓa fasa mata leɓe, amma wannan dariya muka maida shi. Anti, wane magani zai maido masa da barcinsa na da?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a karo na biyu na ga an bar jaki ana dukan taiki. Farkawar dare da rashin mafarkin da suka hana gidanku zaman lafiya, yawancinsu tsufa ne kawai. Abin da kika jefo a ƙarshe kuna dariya, wato leɓen Inna, shi ne zai kai ku gaban likita. Zan zo kansa, amma bari mu fara ƙidaya awoyi.

Lisha wajen ƙarfe 8 ake yi. Mu ce 8 da rabi ya kwanta, ƙarfe 3 ya farka. Awa 6 da rabi ke nan. Ki ɗora gyangyaɗin bayan Azahar a gindin dogon yaro, mu ce awa guda, kin ga 7 da rabi. Masana barci sun ce wanda ya haura shekara 65, awa 7 zuwa 8 sun ishe shi. Ashe Baba bai rasa barci ba, lokacin ne ya matso gaba. Ke da sai kin gama duba littattafan yara, kin leƙa WhatsApp, 11 ta wuce kafin ki kwanta, a wurinki ƙarfe 3 tsakar dare ne. Shi a wurinsa gari ya waye.

Akwai wani ɗan wuri a cikin ƙwaƙwalwa, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, shi ne agogon jiki. Da hasken da ke shiga ido yake saita kansa, kuma shi ke ba da umarnin sakin sinadarin melatonin in duhu ya yi, jiki ya san dare ya yi. Idan shekaru suka ja, wannan agogo yakan riƙa gudu gaba: barci ya zo da wuri, farkawa ma ta zo da wuri. Melatonin ɗin yana raguwa, idon ma ba ya shigar da haske kamar da, balle in yanar ido ta fara taruwa a kansa. Duk wadda ta zauna da kaka ta san wannan ba sai an gaya mata ba. Tawa kakar tun kafin ladan ya yi kiran farko ta hura wuta, ta gama share tsakar gida, tana zagin masu barci wai ragwaye ne, alhali ita tun Magariba take zuba gyangyaɗi a kan buzu.

Tun da Baba mutumin ruwa ne, ki yi masa bayanin da yarensa. Barci kamar gulbi yake, akwai bakin gaɓa inda ruwa iya gwiwa ne, akwai gurbi mai zurfi. Mai barci nutso yake yi yana tasowa, kowane zagaye kamar minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare ɗaya. A farkon dare ne yake kai wa ƙasan gurbi, barcin nan mai nauyi da in aka tashi mutum daga cikinsa sai ya yi ta magagi bai san inda yake ba. A ƙarshen kowane zagaye kuma yakan shiga wani irin barci na daban, wanda jiki ke kwance shiru amma ƙwaƙwalwa na aiki kamar a farke, ƙwayar ido tana kai-komo a ƙarƙashin fatar ido. Ki duba jariri in yana barci, za ki gani da idonki. Wannan shi ne barcin mafarki, masana suna taƙaita sunansa da REM. A 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka fara bayyana shi. Na farkon dare gajere ne, mintuna kaɗan, amma kowane zagaye yana ƙara tsawo, shi ya sa mafarkin da muka fi tunawa na goshin asuba ne. Jariri kusan rabin barcinsa na mafarki ne. Babba kuwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Abin da tsufa ke yi wa wannan gulbi shi ne abin da rani ke yi wa naku: ruwan na nan, zurfin ne ya ragu. Kuma raguwar tana farawa tun kafin furfura. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000, shi ma daga Chicago, a kan maza 149 'yan shekara 16 zuwa 83, ya nuna barci mai nauyi ya faɗo daga kusan kashi 19 cikin 100 na dare a samartaka zuwa ƙasa da kashi 4 a tsakanin shekara 36 da 50. Daga 50 zuwa sama kuma farkawar cikin dare ce ke ƙaruwa, kusan rabin awa a kowace shekara 10, barcin mafarki kuma yana raguwa da kamar minti 10 a kowace shekara 10. Ki lura da wannan na ƙarshen. Minti 10 ne a shekara 10. Barcin mafarki yana raguwa ne sannu a hankali, ba ya ƙafewa. Wanda zurfin barcinsa ya ragu kuwa komai na iya tashinsa: kukan jaki, sauro ɗaya da ya kutsa gidan sauro, zafin bazara, gwiwa in ya juya.

To ina mafarkin ya tafi? Yin mafarki daban, tuna shi daban. Mutum yakan riƙe mafarki ne in ya farka a cikinsa ko dab da ƙarewarsa, ya kuma ɗan kwanta shiru yana juya shi a rai. Wanda mafitsara ta tasa, ya zabura yana lalubar tocila da buta, kafin ya kai bakin ƙofa mafarkin ya bi iska. Tsofaffi ko ina a duniya suna faɗin cewa tunawa da mafarki ya ragu musu. Ki gaya wa Baba wannan a hankali, ba alamar fushin Ubangiji ba ce. In da hali ki sa limaminsu ko wani aminin nasa ya tuna masa cewa lokacin da yake farkawa shi ne sulusin dare na ƙarshe, wanda matasa ke saita ƙararrawar waya don su same shi su kasa. Shi an ba shi kyauta. Maimakon zagayen tsakar gida cikin ɓacin rai, ya yi alwala, ya yi nafilarsa, ya ja carbi, in barci ya dawo ya koma.

Akwai dai abubuwan da ake iya gyarawa. Fitsari sau 3 ko 4 a dare ba a barinsa a ce tsufa ne. A namiji mai shekarunsa, abu na farko da ake dubawa shi ne furostet, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara wadda kan kumbura ta matse hanyar fitsari. Sai ciwon suga, wanda ɗigon jini a yatsa ke nunawa. In kuma yana shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, likita na iya maida shi na safe. Fura da kunu su koma rana, da daddare ya taƙaita ruwa.

Sai goro. Ba ki ambata ba, amma ban taɓa ganin tsohon masunci da babu ɓarin goro a aljihu ba. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, wanda ke cikin shayi da Nescafé, yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Goron La'asar yana nan a jini lokacin da Baba ke kwanciya. Ba zai hana shi fara barci ba, amma zai ƙara rage masa zurfin da dama ya ragu. Kada ki ce ya bari, ba zai bari ba, faɗa kawai za ku yi. Ki ce daga Azahar a rufe. Gyangyaɗin rana kuma a mai da shi ƙailula ta gaskiya: kwanciya guda bayan Azahar, kamar rabin awa, ban da na bayan La'asar ko Magariba. Mutumin da ya shekara 50 yana tuƙa kwalekwale yana jan taru, yanzu ya wuni a tabarma, ina jikinsa zai samo gajiyar da zai kwana da ita? Ya riƙa takawa gwargwadon gwiwarsa, ko zuwa bakin ruwa ya zauna yana gyara wa yara homa, yana shan hasken yamma. Hasken yamma yana ja da agogon jiki baya. In aka sa masa fitilar sola mai haske bayan Lisha, ga rediyo, ga jikoki suna jansa da hira har wajen 9 da rabi, a hankali farkawar za ta matsa kusa da kiran assalatu. Ba cikin kwana biyu ba, sai an yi makonni.

Ƙwayar kemis kuwa, na san da kyakkyawar niyya kika karɓo, amma ita ce mafi kusa da zama sanadin faɗuwar nan. Abin da aka saba miƙa wa mutane shi ne diazepam, wadda aka fi sani da Valium, ko kuma Piriton. Diazepam tana daɗewa a jikin tsoho fiye da na yaro, ta kwana ta wuni, sai jiri da mantuwa da kasala. Piriton kuma tana iya riƙe fitsarin mai kumburin furostet gaba ɗaya. Tsohon da ya sha ɗayansu, ya tashi cikin duhu sau 4 zuwa bayi, karayar ƙugu yake nema, kuma na ga tsofaffin da daga wannan karaya ba su sake miƙewa ba. Sai dai kada ki tsayar masa da ita dare ɗaya. Wanda ya yi makonni yana shan diazepam kullum, a hankali ake janye masa, kuma likita ne zai tsara yadda za a yi. A wannan makon, ba wata mai zuwa ba.

Yanzu leɓen Inna.

Allah Ya yi wata hikima a barcin mafarki. Da mutum ya shige shi, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓinsa, ta bar ido da numfashi kawai. Shi ya sa kike mafarkin kare ya biyo ki kina gudu, amma kina nan kwance ko zani bai motsa ba. Dannau da muke cewa, ai wannan ɗaurin ne: mutum ya farka ɗaurin bai gama kwancewa ba, yana ji yana gani ya kasa ɗaga yatsa. Abin da Inna ke bayyanawa ya yi kama da akasin dannau. Ɗaurin ne ke saɓulewa alhali mutum na tsakiyar mafarki, sai jiki ya aikata abin da ake gani. In giwan ruwa yake rungumewa a mafarki, wadda ke kusa ita ce giwan ruwan. Kin ga kuwa wannan ita ce babbar shaidar da za ki kai wa Baba: wanda ke kokawa da kifi ƙarfe 2 na dare bai daina mafarki ba. In abin ya sake faruwa, Inna ta matsa nesa, ta kira shi da murya kada ta taɓa shi, in ya farka ta tambaye shi me ya gani. Yawanci nan take sukan ba da labarin tiryan-tiryan, kuma ya yi daidai da naushin da suka kai.

Wannan lalura sananniya ce. Likitoci biyu a jihar Minesota ta Amurka, Carlos Schenck da Mark Mahowald, su suka bayyana ta a 1986, kuma ta fi kama maza da suka haura 50. Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, don akwai abubuwan da ke kwaikwayonta. Babba a cikinsu shi ne minsharin da numfashi ke ɗaukewa, mutum ya yi shiru kamar ya mutu sannan ya fizgo iska da gurnani yana fafutuka. Wasu magungunan damuwa ma suna jawo ta, haka tsananin firgici ga wanda ya ga tashin hankali. Shi ya sa nake so likita ya gan shi.

Ba zan ɓoye miki dalili na biyu ba. A wajen mutane da yawa wannan lalura takan riga cutar Parkinson zuwa da shekaru, cutar karkarwa da sanyin jiki irin wadda ɗan dambe Muhammad Ali ya yi fama da ita, ko wata 'yar'uwarta mai taɓa tunani. Wani bincike na 2019 da ya bi mutum 1,280 waɗanda aka tabbatar suna da lalurar ya samu kusan 6 cikin 100 ne ke nuna irin wannan cuta a kowace shekara. Ba yau ba ke nan, ba kuma kowa ba, wasu sukan shekara 10 ko fiye lafiya lau. Na faɗa miki ne don ki buɗe ido, ba don ki kwana kuka ba. Ki lura ko hannunsa na rawa in ya ajiye shi a cinya, ko takunsa ya gajarce yana jan ƙafa, ko sa maɓallin riga ya fara yi masa wuya, ko muryarsa ta yi ƙasa. Ki bincika ko yana fama da taurin bayan gida. Ki kuma gwada hancinsa ba tare da ya sani ba: in ana daka daddawa ko an kunna turaren wuta, yana ji? Raguwar jin ƙanshi na daga alamun da ke zuwa da wuri. Ita Parkinson tana da maganin da ke sauƙaƙa ta sosai, ita ma kokawar daren akwai abin da likita ke bayarwa ta lafa.

Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku a auna jini da suga a duba fitsarin, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko a asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ki riga kowa gaya wa Baba cewa wannan ba likitan taɓin hankali ba ne, don in ya ji "ƙwaƙwalwa" daga bakin wani ba zai shiga mota ba. Ku tafi da Inna, ita ce ta gani. In Baba ya yarda, a ɗauki abin a waya ko na rabin minti ne, gani ya kori ji.

Kafin nan, yau ɗin nan, a gyara turakar. Na san halin da ake ciki ya sa magidanta da yawa ba sa kwana sai da adda ko wuƙa a ƙarƙashin matashi. A fitar da ita daga ɗakin, a ba yayanki ya ajiye. A sauko da katifa ƙasa daga gadon ƙarfe, a janye ta daga bango, a kawar da fitilar kwalba da maganin sauro na kunnawa. Jika kada ya sake kwana a bayansa. Mai girki ta shimfiɗa tata katifar ɗan nesa, kuma a bayyana wa matan biyu dalili tare, kada wata ta ɗauka ƙaurace mata aka yi.

Batun amarya kuma, ki zauna da yayanki ke da shi. Zargin sammu ba ƙaramin abu ba ne, yana kashe aure, kuma ba a wanke shi da "yi haƙuri". Ki tambaye shi, tsofaffin unguwarku da ke cika sahun farko tun kafin a kira assalatu, duk amare gare su? Ita amaryar ma ai shaida ce, tana da ranakun girkinta. Ki je ki gaishe ta da mutunci ki tambaye ta abin da take gani cikin dare, wataƙila ta sha nata naushin ta yi shiru don gudun magana. Addu'o'in kwanciya, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, a ci gaba da su, ba su taɓa hana kowa zuwa asibiti ba.

Na san kuma ba za ki iya kallon idon mahaifinki ki tambaye shi fitsari da bayan gida ba, ni ma ba zan iya da nawa ba. Ki bi ta hannun Inna, ko aminin nan nasa, ko babban jika wanda wasan kaka ya ba shi bakin faɗin abin da ke ba za ki iya ba. Kwalin ƙwayar nan kuma kada ki yar, ki sa shi a jaka tare da duk wani magani da yake sha, har na gargajiya, ki zube su gaban likita ranar da kuka je.